Tukunyar da Ta Ƙi Amsawa

Atta, mahaifina, ba ya sayen tukunya sai ya ji muryarta. Tun kafin yanar ido ta rufe masa ɗaya ta fara cin ɗayan, haka yake yi: ya ƙwanƙwasa gefenta da zoben azurfarsa, ya karkatar da kai. In tagullar kirki ce, amon zai daɗe yana zagaya ɗaki. In ta tsage ko an like ta da dalma, sai ta ce ƙwal, ta yi shiru. Da idon ya ƙara rauni sai dubawa ta dawo kaina, shi ya riƙe saurare. Ban so aikin ba. Na fi son in lafe a bayan shagonmu na garin Karaikudi, tsakanin tsofaffin fitilu da kwanukan langa, in yi ta karatuna. Amma ba ni da ɗan'uwa namiji, Atta kuwa bai yarda da idon kowa ba. Nawa ma da ƙyar.

Abincinmu yana cikin manyan gidajen Chettiyar, attajiran da suka yi fatauci a ƙasar Bama, can ƙetaren teku, suka dawo suka gina gidaje masu tsakar gida uku-uku. Yanzu jikokinsu suna Chennai da Singafo. Kowane ɗa yana da ɗakinsa a gidan, a kulle, maƙare da kayan ɗakin amaren da suka daɗe da mutuwa. In ɗaya ya gaji da ajiya sai ya kira irinmu, mu saye ɗakin ɗungurungum.

Abu ɗaya ne ba a taɓawa: adudun kakanni. Kowane gida yana da shi. A ciki suke ajiye tufafin kakar da ta riga su gidan gaskiya, sau ɗaya a shekara dangi su taru daga ko'ina, su buɗe, su wanke zanen, su ajiye mata abinci, su sake rufewa. Baƙo ba ya ɗaga shi, balle ya fita da shi. Akwai wani abokin Atta, Pitchai, da aka taɓa ganin irin wannan adudu a shagonsa. Ya rantse bai san yadda ya shigo cikin kaya ba. Babu wanda ya kai shi ƙara, babu wanda ya zage shi. Ƙofofi ne kawai suka daina buɗuwa. Yau bokitin roba yake sayarwa a tashar mota.

Ranar da zan ba da labarinta, wani Meyyappan ne ya kira mu wani ƙauye kudu da gari. Muka tafi da akori-kurar Karuppu, direban da ya daɗe yana mana dako. Tun a waya mutumin ya ce mu zagaya ta ƙofar baya.

"Ta baya?" in ji Atta, muna hanya. "Gawa za mu ɗauko?"

"Kunya ce, Bai," in ji Karuppu. Haka suke kiran Musulmi a wajenmu. "Ba ya so maƙwabta su ce gidan ya karye."

Na ga Atta yana juya zobensa.

Meyyappan ya tarbe mu da fara'a mai yawa. Mutum ne fari, mai ƙiba kaɗan, da farar riga da ƙaton agogo, yana ta share wuya da hankici ko da yake gidan sanyi ƙalau. Ya bi da mu ta tsakar gidan girki. A nan, kan dakali, wata tsohuwa mai farin zane tana zaune tana tsince shinkafa a faifai. Ba ta ɗago ba sai da muka zo daidai da ita.

"Sigappi Achi ce, matar wan babana," in ji shi, ƙasa-ƙasa. Achi suke kiran matan gidajensu. "Ita kaɗai ta rage a gidan. Kada ku kula ta, ta fara rikicewa."

"Na ji ka, Meyya," in ji tsohuwar. "Kunnena bai rikice ba." Ta dube ni daga gyale har takalmi, ta tsaya a kan jakata. "Ke yarinya, me ke cikin wannan?"

"Littafi ne, Achi."

"Buɗe."

Na buɗe. Ta leƙa, ta ga littafi da kwalbar maganin idon Atta.

"To. In za ki fita ma zan duba."

Atta ya yi dariya ya gaishe ta. Ta mayar da kai kan faifanta.

Ɗakin yana tsakar gida ta biyu, bayan wasu ginshiƙan katako baƙaƙe masu sheƙi waɗanda hannu biyu ba ya zagaye su. Meyyappan ya shafa ɗaya da muka wuce, irin shafar da mahauci ke wa bijimi. Ya ciro mabuɗi mai tsawon tafin hannu, ya buɗe. Warin jemage da tsohon man kwakwa ya buso mu.

Kayan kirki ne, ba ƙarya. Kwanukan langa shuɗɗa jere har rufi, ba a taɓa cin abinci a cikinsu ba. Akwatunan Bama ja da baƙi, fitilun gilashi, shimfiɗar jariri ta katako mai sarƙa. A lungu kuma wata ƙatuwar tukunyar tagulla ta dahuwar biki, wadda zan iya shiga in zauna a ciki. Atta ya lallaɓa ya same ta, ya zura hannu ya shafa cikinta, babu komai sai ƙura. Ya ƙwanƙwasa.

Amon ya cika ɗakin, ya fita tsakar gida, har tattabaru suka tashi. Atta ya rufe ido. Na san fuskar nan, amma ya yi maza ya ɓata rai don kada a gane.

"Ta yi nauyi," ya ce. "Wa ke dafa wa mutum ɗari abinci yanzu?"

Ya faɗi farashin da yake fara ciniki da shi, wanda shi kansa ya san wasa ne. Na jira Meyyappan ya kama kai, ya ambaci kakansa, ya nuna mana ƙofa, kamar yadda ake yi.

"Na sallama," in ji shi.

Atta ya juyo da idonsa mai gani wajena. Ni ma na dube shi. Tun da nake ban taɓa jin ɗan Chettiyar ya sallama a kalmar farko ba.

"Ayya," in ji Atta a hankali, da sunan girma da ake kiran masu gida, "ɗakin nan naka ne kai kaɗai?"

"Ba ka ga mabuɗi a hannuna ba?"

"Na gani. Mabuɗi dai ba ya magana."

"Achi!" Meyyappan ya ɗaga murya. "Faɗa wa Bai ɗakin wa ne wannan."

Ashe tana bakin ƙofa, ban san lokacin da ta iso ba. "Na ubansa ne," ta ce. "Na uwarsa ne kayan. Ya sayar ya sha iska da su, ina ruwana. Amma cokali ɗaya na wani ɗaki ya bi ku, sai kun gane ba ku da wayo."

Aka fara lodi. Karuppu da wasu 'yan dako biyu da Meyyappan ya kawo daga wani gari suka yi ta fita da kaya, ni ina duba kowane akwati kafin ya wuce, don dokar Atta ce ba a loda abu a rufe. Achi tana biye da ni taku-taku. In na sunkuya, ta sunkuya. In na buɗe murfi, kanta ya riga nawa shiga. Har na fara jin kamar aljihuna ya yi nauyi da kansa, na riƙa taɓa shi ina tabbatarwa babu komai. Tukunyar ce aka fara ɗorawa, can jikin kan mota, sauran kaya suka biyo bayanta.

Da rana ta take, Meyyappan ya ce mu je mu ci abinci a gidan abincin da ke ƙarshen layi, ya riga ya yi magana.

"Mun zo da namu," in ji Atta.

"Haba Bai, a gidanmu? So kake a ce mun bar baƙo da yunwa? Je ku, ni zan tsare motar."

Aka yi ta ja, har ƙin ya fara zama rashin kunya. Muka tafi. Shinkafar da aka zuba mana a ganyen ayaba ta yi daɗi, amma Atta loma kaɗan ya yi ya naɗe ganyensa. Karuppu kuwa ya zauna wajen masu gidan abincin, yana ci yana jan su da hira.

Da muka dawo an riga an gama ɗaure kaya da igiya. Ta tsakanin ƙarafan motar na hango an rufe bakin tukunyar da buhu, an ɗaure. Na ɗauka Karuppu ne ya yi kafin mu tafi. Meyyappan ya yi ta hanzarta mu, wai hadari na haɗuwa, alhali sama fes take. Achi ta fito, ta sa na buɗe jaka, ta duba, ta koma ciki ba sallama.

Mun yi nisa kaɗan, Karuppu ya tsaya ƙarƙashin wata tsamiya a bakin titi don ya sha shayi. Atta ya sauko yana miƙa. Ya zagaya gefen motar, ya zura hannu ta tsakanin ƙarafa, yana murmushi. So yake ya sake jin muryar amaryarsa.

Ya ƙwanƙwasa.

Ƙwal.

Ya sake. Ƙwal.

"Sun fasa min ita," in ji shi. "Karuppu! Kun fasa min ita, 'yan banza!"

"Ni? Kamar ƙwai muka ɗauke ta, Bai!"

"To wa ya rufe mata baki?" na ce.

Karuppu ya dube ni da kofi a hannu. "Ba ke ba ce?"

Atta ya daina faɗa. Ya kwantar da tafinsa a jikin tukunyar, ya ƙwanƙwasa sama, ya ƙwanƙwasa ƙasa. "Ba fashewa ba ce," ya ce. "Akwai abu a ciki. Hau, uwata. Kada ki sa hannu, duba kawai."

Na hau ta kan taya, na taka akwatuna. Na sassauta igiyar, na ɗaga gefen buhun. Kafin in ga komai, ƙamshi ya fara zuwa: jawul da sandal da busasshen fure. Sannan na ga murfin kaba, tsoho, ya yi duhu saboda hannuwa, da ɗigo-ɗigon sandal da jan gari a kansa.

Na tsaya riƙe da gefen buhun. Karuppu ya hau taya ya leƙa ta kafaɗata. Kofin ya suɓuce masa. Ya diro, ya riƙa marin kumatunsa da hannu biyu yana neman gafara, irin yadda mutanensu ke yi.

"Adudu ne, Atta," na ce.

Atta ya zauna a kan dutsen bakin titi. Ban taɓa ganin ya zauna haka ba, kamar an zare masa ƙashi.

"Kin taɓa?"

"A'a."

"Mayar da buhun yadda kika same shi."

Na mayar. Karuppu ya matso, muryarsa ƙasa. "Bai, yanzu na gane zancen da na ji a gidan abinci. Wai mutumin nan ya daɗe yana so a rushe gidan a sayar da ginshiƙan. 'Yan'uwansa sun ce muddin kakarsu tana ciki, ba mai taɓa bulo ɗaya. To ka ga, in kaka ta fita..."

"Kuma a motar Musulmi ta fita," in ji Atta. "Makaho ma."

"Ko dai tsohuwar ce?" na ce. Ban san me ya sa na faɗa ba, sai dai idonta bai bar raina ba. "Ta tsane mu tun da muka shiga."

"Wa ya sani," in ji Atta. "Gidan nan kowa yana kallon hannun kowa."

Karuppu ya nuna wani ɗan wurin bauta da ke gaba kaɗan. "Mu ajiye a can mu wuce. Wani zai gani ya kai musu."

"Wa zai ɗaga?" in ji Atta. "Kai?"

Ya ja da baya. "Ina da 'ya'ya, Bai."

Wata bas ta wuce, mutanen ciki suna kallon kayanmu, na ji kamar duk sun san abin da ke cikin tukunyar. Pitchai ya faɗo min a rai, yadda yake ɗaga bokiti yana kiran matafiya, da yadda Atta ke sauya hanya don kada su haɗa ido.

"Mu koma," na ce. "Ta ƙofar gaba."

"Su ce mun sata, tsoro ya dawo da mu," in ji Atta.

"In muka kai Karaikudi za su ce mun sata ko tsoro ba mu ji ba."

Atta ya daɗe yana juya zobe. Sannan ya miƙo min hannu na tashe shi. "Karuppu, juya. In ka shiga layin, ka danna oda kada ka saki."

Tun daga kan kwana muka ga mutane. Babbar ƙofar gaba a buɗe take, Meyyappan yana tsaye a kan matakala da waya a kunne, ɗaya hannun yana dukan ƙirji. Maƙwabta sun taru, tsofaffi da mata da masu gadin gidajen kusa. Da ya ji oda ya juyo. Na ga fuskarsa a wannan ɗan lokacin, kafin ya gyara ta. Daga nan na daina zargin tsohuwar.

"Ga su nan!" ya yi ihu. "Ga ɓarayin! Na ba su abinci, suka shiga ɗakin kakanni suka ɗauke mana uwa!"

Mutane suka yo kan motar. Wani ya bugi ƙofar Karuppu. Atta ya sauko a hankali, ya ɗaga hannuwansa biyu.

"Tana cikin tukunya," ya ce. "Ba mu sa ta ba, ba mu taɓa ta ba, ba kuma za mu sauke ta ba. Ɗan gida ya zo ya ɗauki abinsa."

"Kun ji ko? Ya amsa da bakinsa!"

"Na amsa tana ciki, Ayya. Yadda ta shiga ne ban sani ba. Da safe na buga tukunyar nan, duk layin nan an ji."

"An ji," in ji wani tsoho mai sanda. "Har na ce ko biki za a yi." Amma bai matso kusa da mu ba, sauran ma ba su sassauta fuska ba. Maganarmu ce da ta ɗan gida, a ƙofar gidansu.

Sai ga Achi ta fito. Mutane suka buɗa mata. Idonta ya yi ja, gashinta ya warware, da gani ta yi kuka. Ta dube ni irin kallon da ta yi wa jakata. Duk yinin nan neman abin da za ta kama mu da shi take yi, ga shi an miƙa mata.

"Ku kawo kujera," ta ce.

Aka sauke akwatunan da suka tare hanya, aka kafa kujera, mata biyu suka tallafe ta ta hau. Ta tsaya a gaban tukunyar. Ba ta buɗe ba. Buhun ta tsaya kallo, ta kama gefensa, ta murza wani faci da aka yi da baƙin zare.

"Meyya," ta ce, ba ta juyo ba.

"Achi, ki sauko kada ki faɗi, bari in..."

"Wannan buhun shinkafata ne. Ni na yi facin nan. Da rana ka shigo wajena ka ce in ba ka buhu, na juye shinkafar a faifai na ba ka." Sai a lokacin ta juyo. "Suna gidan abinci a lokacin. Na sani, don sai da na leƙa na ga sun sha kwana kafin in bar bakin ƙofa."

Wayar Meyyappan tana nan a buɗe a hannunsa, wani yana kiran sunansa daga ciki.

"Ta rikice," ya ce. "Na gaya muku ta rikice."

"Ba ni wayar," in ji tsoho mai sanda. "Ɗan'uwanka ne ko? Ba ni in gaishe shi."

Achi ta kwance igiyar, ta zura hannu biyu, ta ɗago adudun ta rungume a ƙirji kamar jariri. Ba ta yarda kowa ya karɓa ba har aka sauko da ita. Da ta zo wucewa ta gabana sai ta tsaya.

"Kin buɗe?"

"A'a, Achi."

"Zan sani in kin buɗe."

Ta shige. Atta ya sa aka sauke komai a kan dakalin gaba, har shimfiɗar jariri, a idon jama'a, aka warware cinikin. Tukunyar ce ta ƙarshe. Da ta taɓa ƙasa sai ya miƙa hannu, ya fasa, ya sa hannun a aljihu.

Kwanakin da suka biyo baya wayar shago ba ta yi ƙara ba. Atta yakan ɗaga ta ya saurara ko ta lalace, ya ajiye. Labari ya zagaya ƙauyuka, wannan mun sani, amma ba mu san da wace fuska ya zagaya ba. Wani ya ce an ce mun dawo da adudu. Wani ya ce an ce an kama adudu a motarmu. Duka biyun gaskiya ne. Na kasa karatu, sai in buɗe shafi in yi ta kallon titi.

Ranar wata Talata wayar ta yi ƙara. Wata Unnamalai Achi ce daga wani ƙauyen, tana da ɗakin sayarwa.

Muka je. Ta ƙofar gaba ta ce mu shigo. Tana tsaye a kan matakala, gajeriya, da tarin mabuɗai a ƙugu. Ta dubi Atta, ta dubi Karuppu, ta dubi jakata.

"Sigappi ta ce a cikin masu wannan sana'ar kai ne dama-dama," ta ce. "Ba ta ce in yarda da kai ba."

"Ni ma ban ce ba, Achi," in ji Atta. "Kuma da abincinmu muka zo."

Na buɗe mata jakar tun kafin ta tambaya.